Gidan Haya, Kuɗin Fansho da Haraji: Lissafin Ma'aikaci Kafin Ya Ajiye Aiki

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, masanin aikin akanta, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu





Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar in tsaya a gaban waɗanda suka girme ni, suka kuma fi ni sani, in yi magana a kan tanadin tsufa. An ce in taɓo abubuwa uku, wato gidan haya da kuɗin fansho da haraji. Ni kuwa a wurina maganar ɗaya ce, domin duk wanda ya yi lissafin biyun farko ya manta da na ukun, to lissafinsa bai cika ba. Waɗanda suka riƙa laɓewa a bayan aji lokacin darasin lissafi su yi haƙuri, yau babu tagar da za a bi a fita.

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa, in ma'aikaci ya sami 'yan kuɗi, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne fili. In ya sami fili sai bulo, in ya yi linta sai kwano. Wannan ɗabi'a tana da dalili. Iyayenmu da suka sami kuɗin Udoji, waɗanda suka sayi rediyo da babur an daɗe da mantawa da abin da suka saya, waɗanda kuwa suka sayi fuloti har yau jikokinsu suna cin moriyarsa. Daɗin daɗawa, mun ga yadda tsohon tsarin fansho ya ƙare. A wancan tsari ma'aikaci ba ya ajiye ko kwabo, gwamnati ce ta yi alkawarin biyansa daga kasafin kuɗinta. Da aljihun gwamnati ya yi rauni sai alkawari ya zama bashi, aka riƙa ganin dattawa a layin tantancewa, cikin rana, suna riƙe da fayil. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za a zarge shi ba in ya ce shi dai bulo ya yarda da shi.

To amma al'amura sun sauya. A 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka kafa dokar gyaran fansho, aka kuma kafa hukumar PenCom domin ta sa ido. A 2014 aka sake dokar, ita ce ake aiki da ita. Yanzu ma'aikaci yana da asusun ajiyar ritaya da sunansa. Kowane wata ana yankar kashi 8 bisa ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, ya zama 18 ke nan. Kamfanin kula da fansho shi ne ke juya kuɗin, amma ba a hannunsa suke ba, wani kamfani ne dabam ke ajiye su, domin kada mai juyawa ya zama shi ne mai riƙe da mabuɗi. A ƙarshen 2024 abin da aka tara a wannan tsari ya haura naira tiriliyan 22. Sai dai in ja hankalin 'yan'uwa cewa ba kowa ke cikinsa ba. Sojoji sun fita, kuma jihohi kowace da dokarta. Kaduna ta shiga, Kano da Jigawa kuwa suna da nasu tsarin na karo-karo wanda ya bambanta da na tarayya. Saboda haka kowa ya fara sanin a wace inuwa yake zaune kafin ya ɗauki maganata ya yi aiki da ita.

Yanzu ga inda haraji ya shigo. Kuɗi yakan gamu da mai karɓar haraji a ƙofa uku: lokacin da aka same shi, lokacin da yake haihuwa, da lokacin da aka zo cin sa. Kuɗin fansho ya wuce duk ƙofofin nan uku ba tare da an tare shi ba. Abin da aka yanka aka zuba a asusunka, ana cire shi tukuna kafin a lissafa harajin albashinka. Ribar da ya samu yana cikin asusu ba a taɓa ta. In ka yi ritaya aka fara biyan ka, fanshon da kake karɓa ba a yi masa haraji. Ba abu ne mai sauƙi ba a sami wata ajiyar da doka ta yi wa irin wannan gata a ƙasar nan. Abin mamaki shi ne yawancinmu ba mu san an yi mana gatan ba, muna kallon wannan kashi 8 kamar wata tara ce da ake cin mu.

Kada kuma a ce na zo tallan kamfanonin fansho. Asusun yana da babban maƙiyi, shi ne hauhawar farashi. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 bisa ɗari. A irin wannan shekara, ko da asusunka ya ƙaru da kashi 15, lambar da ke kan takarda ta hau amma buhunan shinkafar da za ta saya sun ragu. Masu shekaruna suna tuna lokacin da farashin gwamnati na dala ɗaya yake naira 22 a tsakiyar shekarun 1990. A 2024 ta haura naira 1,500. Wanda aka yanka wa fansho mai tsoka shekara goma da suka wuce, yau kuɗin ba ya kai shi tsakiyar wata. Nan ne gida ya fi, domin in kayan masarufi suka tashi, darajar gida tana bin su, kuɗin haya ma ana iya ƙara shi, ko da yake a hankali kuma da rigima. Shi ya sa Bahaushe ya ce gida biyu maganin gobara. Fansho yana tsare ka daga haraji, gida yana tsare ka daga faɗuwar naira, kuma babu wanda zai yi maka aikin ɗan'uwansa.

Bari mu zo ga gidan haya mu yi masa lissafi na gaskiya, domin a nan ne muka fi yaudarar kanmu. Zan ba da misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin fahimta, kowa ya sa nasa a madadinsu. A ce mutum ya kashe naira miliyan 40, fili da gini, ya yi gida mai sassa 4, kowane sashe ana ba da shi haya naira 800,000 a shekara. In ka tambaye shi a majalisa zai ce maka gidansa yana kawo masa miliyan 3.2, wato kashi 8 bisa ɗari na abin da ya zuba. Amma ɗan haya ɗaya ya tashi, sashen ya yi wata shida a rufe kafin a sami wani, naira 400,000 ta tafi. Saura miliyan 2.8. Dillalin da ke karɓar masa haya ya ɗauki la'adarsa ta kashi 10, naira 280,000. Damina ta zo rufi ya yi yoyo, masai ya cika an kira masu kwashewa, injin rijiyar burtsatse ya ƙone, an yi wa sashen da aka tashi fenti: a ce naira 420,000. Harajin ƙasa da sauran ƙananan kuɗaɗe, naira 100,000. Abin da ya rage masa na haƙiƙa naira miliyan 2 ne, kashi 5 bisa ɗari. Wannan kuwa a shekarar da kowa ya biya ne. Ban sa ɗan hayan da zai ce matarsa ta haihu ba, ko wanda surukinka ne ya kawo shi, ba ka iya yi masa magana. Ban kuma sa kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu ba in har ta kai ga sai an fitar da mutum.

Gidan haya sana'a ce, Shugaba, kamar kiwo. Mai kiwo ba ya kwanciya ya ce shanu za su kula da kansu. Wanda yake tunanin in ya gina gida ya huta, ranar da aka buga masa waya da tsakar dare aka ce katanga ta faɗi zai gane cewa aiki ya sauya kawai.

Sai haraji a kan wannan miliyan 2. Na san da yawa daga cikinmu za su ce ai mu ba mu taɓa biyan harajin kuɗin haya ba, kuma babu wanda ya tambaye mu. Haka ne. Tun da gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, sai ya zauna a zukatan mutanenmu cewa haraji abu ne na zamanin En'e da ya wuce, sai dai wanda ake yanka a albashi ba da son ranka ba. Amma abin da aka soke harajin kai ne da na dabbobi. Harajin kuɗin shiga yana nan daram, kuma kuɗin haya kuɗin shiga ne a idon doka tun da daɗewa. Rashin tambaya ne kawai ya sa muka ɗauka babu.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, kuma babbar cikinsu ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Ga yadda ta tsara harajin mutum a shekara. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta. Miliyan 2.2 da ke biye, kashi 15. Miliyan 9 da ke biye da wannan, kashi 18. Sai miliyan 13 a kashi 21, sai miliyan 25 a kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Wato kamar matakalar bene ce, kowane kuɗi ana yi masa haraji gwargwadon matakin da ya faɗa. Abin lura a nan shi ne, ba a yi wa kuɗin haya matakala tasa dabam. Ana ɗora shi ne a kan albashinka, a saman tulin. In albashi ya riga ya cinye matakan ƙasa masu sauƙi, to kuɗin haya zai fara ne daga inda albashi ya tsaya.

Wannan shi ne zuciyar maganata, don haka ina roƙon a saurara. A ɗauki mai gidan nan namu yana cikin aiki, abin da ake yi wa haraji a albashinsa ya kai naira miliyan 6 a shekara. Yana kan matakin kashi 18 ke nan. Miliyan 2 ɗin nan ta haya duk za ta faɗa a wannan mataki, harajinta naira 360,000. Ribar gidan ta sauko daga kashi 5 zuwa kashi 4 da ɗan ɗoriya. To a ce shekara ta kewayo ya yi ritaya. Albashi ya tsaya, fanshon da yake karɓa kuwa doka ta yafe masa haraji, saboda haka matakalar ta zama wayam. Kuɗin hayar nan sai ya fara daga ƙasa: naira 800,000 ta farko kyauta, sauran miliyan 1.2 a kashi 15, naira 180,000. Gida ɗaya, 'yan haya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma haraji ya ragu da rabi, don kawai mai gidan ya ajiye aiki.

Me wannan yake nuna mana? Shekarun aiki su ne na cika asusun fansho da yin gini a hankali, domin a lokacin ne kowace naira da ka zuba a asusu take rage maka haraji mai tsada. Shekarun ritaya kuwa su ne na cin kuɗin haya, domin a lokacin ne harajinsa yake da araha. Mu kuwa mun saba yin abin a juye. Muna cikin aiki ba ma waiwayar asusun fansho, sai ranar da aka ba mu kuɗin sallama a dunƙule, muna da shekara 60, sannan mu je neman fili da birkila. Ba a fafe gora ranar tafiya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, kuma duk wanda ya fara gini da ƙiyasin shekarar da ta gabata ya san abin da ya same shi. Ku zagaya sababbin unguwannin bayan gari a Kano ko Kaduna ko Zariya, ku ƙirga kangayen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a cikin ɗakuna. Wasu daga cikinsu kuɗin sallamar wani bawan Allah ne suka ƙare a nan. Kango ba ya kawo haya, ba ya saye da daraja, kuma mai shi ba shi da albashin da zai ƙarasa shi. A ra'ayina, wanda ya rage masa shekara 2 ko 3 ya ajiye aiki kuma bai aza harsashi ba, gara ya sayi ƙaramin gida ginanne da kuɗinsa za su iya, ko shago biyu a bakin hanya, da ya fara bene.

Akwai wata dabara ta halal ga wanda Allah ya riga ya ba gidan haya yana cikin aiki. Dokar fansho ta yarda ma'aikaci ya ƙara ajiya ta ganin dama a kan kashi 8 ɗin nan na dole, ta hanyar ofishin da ke biyansa albashi. Ita ma wannan ajiya ana cire ta kafin a lissafa haraji. In mutumin namu ya ce a riƙa yankar masa ƙarin naira 50,000 kowane wata, naira 600,000 ke nan a shekara, harajinsa zai ragu da naira 108,000. Giɓin da aka yi wa albashinsa sai ya cike shi da kuɗin haya. Bai ɓoye wa hukuma komai ba, bai yi ƙarya ba, ya dai karkatar da ruwa zuwa gonarsa. Sharaɗin shi ne haƙuri, domin in ya cire kuɗin kafin su shekara 5, za a yi wa ribar da suka samu haraji. Ga 'yan'uwa masu ƙyamar kuɗin ruwa kuma, tun 2021 akwai asusu na shida wanda ba ya mu'amala da riba, ana zuba kuɗinsa a sukuk da makamantansu. Mutum yana iya rubuta wa kamfaninsa ya ce a mayar da shi can. In kuma kamfanin ne bai gamsar da kai ba, tun watan Nuwamba na 2020 an buɗe ƙofar sauya kamfani, sau ɗaya a shekara. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu da ke cikinmu su ma an buɗe musu tasu ƙofar tun 2019, suna iya buɗe asusu su riƙa zubawa gwargwadon hali.

Yanzu sai maganar rasit, wadda ita ce ta fi ba mu wahala a matsayinmu na al'umma. Mu mutane ne masu ciniki da baki da amana, kuma wannan abin alfahari ne, amma ofishin haraji ba ya karɓar rantsuwa. A lissafin da na yi ɗazu na cire la'adar dillali da kuɗin gyara kafin in kai ga miliyan 2. Doka ta yarda da haka, matuƙar an kashe kuɗin ne domin samun hayar. Amma in ba ka da takardar da za ka nuna, jami'i yana iya yi maka lissafi a kan miliyan 2.8 gaba ɗaya, ka biya haraji a kan kuɗin da tuni kafinta da mai fenti suka cinye. A lura kuma gyara dabam, ƙari dabam. Sauya kwanon da ya ruɓe gyara ne, ana cire shi a shekarar. Ɗora sabon ɗaki ƙari ne a kan jari, ba a cire shi haka nan kai tsaye, sai dai a adana takardunsa domin suna da ranarsu. Littafi ɗaya na naira ɗari biyar da jakar leda ta ajiye rasit sun isa. A buɗe wa gidan asusun banki nasa shi kaɗai, kada a haɗa kuɗin haya da na cefane.

Wani zai ce, to wa zai gaya wa hukuma ina da gidan haya? Amsa ita ce, ɗan hayarka. Sabuwar doka ta soke tsohon rangwamen da ake yi wa kowane mai albashi, ta kawo rangwamen haya a madadinsa: wanda yake zaune a gidan haya ana cire masa kashi 20 bisa ɗari na hayar da ya biya a shekara daga abin da za a yi wa haraji, muddin bai wuce naira 500,000 ba. Ɗan hayan da ke biyan ka naira 800,000 za a cire masa 160,000, in yana matakin kashi 18 ya tsira da naira 28,800. Ba zai bar wannan kuɗi don kunyarka ba. Zai nemi rasit da takardar yarjejeniya ya kai ofis, kuma sunanka da adireshin gidanka suna jiki. Haka nan in kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati ta kama gidanka, doka ta ɗora musu su riƙe kashi 10 bisa ɗari na hayar su kai wa hukuma da sunanka. Wannan ba asara ba ce, biyan haraji ne tun kafin lokaci. Ka nace su ba ka takardar shaidar sun kai, domin da ita za a rage maka abin da ake bin ka. Ga ɗan fansho ma sau da yawa abin da aka riƙe yakan fi abin da ya wajaba a kansa. A misalinmu an riƙe 280,000 alhali harajinsa 180,000 ne, yana da rarar naira 100,000 a hannun hukuma, wadda ba zai iya nema ba sai in ya cike takardar bayanin kuɗin shigarsa. Ana kai wannan takarda ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da mutum yake zaune, kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara.

In an zo sayar da gida, nan ma lissafi ya sauya. Da can harajin ribar sayar da kadara kashi 10 ne bai ɗaya. Yanzu ribar tana bin matakalar nan da na karanto. Wanda ya kashe miliyan 10 a shekarun baya ya sayar miliyan 40, ribarsa miliyan 30. A tsohon tsari zai biya miliyan 3. A bisa sababbin matakai, ko da ba shi da wani kuɗin shiga a shekarar, lissafin yana kai wa naira miliyan 5.83. Abin takaici a nan, a ganina, shi ne yawancin wannan riba ba riba ba ce, faɗuwar naira ce kawai ta kumbura lambar. In kuma ba ka da takardun da za su nuna ka kashe miliyan 10 ɗin, abin ya ƙara muni. Ranar rasit ɗin siminti da na ƙarin ɗaki ke nan. Gidan da mutum yake zaune a ciki doka ta yi masa sassauci bisa sharuɗɗa, gidan haya kuwa ba ya cikin wannan sassauci.

Duk wannan magana tana tsaye ne a kan cewa gidan naka ne a takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da kake da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da fili mai takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna. Takardar mai unguwa da shaidu uku tana da amfani a tsakaninmu, amma banki ba ya karɓar ta jingina, kuma ba ta tsayawa a gaban katafila. Kafin a biya kuɗin fili a je ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a bincika. Kuɗin binciken bai kai kuɗin tifa ɗaya ta yashi ba.

Tun watan Satumba na 2022 PenCom ta ba da damar ma'aikaci ya ɗebi har kashi 25 bisa ɗari na asusunsa ya biya kason farko na bashin sayen gida, in ya yi aƙalla wata 60 ana zuba masa. Wannan na gidan zama ne, ba na haya ba, kuma duk abin da ka ɗiba fanshonka ne ka rage. Ga matashin da haya ke cinye sulusin albashinsa yana iya zama alheri. Ga wanda yake da gidansa kuwa ban ga dalilin taɓa asusun ba.

Akwai masu sa gida da sunan mata ko 'ya'ya. Ta fuskar haraji, in uwargida ba ta da wani kuɗin shiga, hayar za ta fara mata daga matakin ƙasa kamar yadda ta yi wa ɗan fansho. Amma a sani kyauta kyauta ce. In ka ba ta, ya zama nata da hayarsa, ba a yin kyautar takarda a riƙe gida. Mai iyali da yawa kuma ya tuntuɓi malamai a kan adalci tsakanin 'ya'ya kafin ya sa hannu, kada dabarar rage haraji ta naira dubu ɗari da tamanin ta haifar da gabar da za ta shekara talatin. Haka kuma sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusancinka ba shi ne magajinka ba. In ma'aikaci ya rasu, abin da ke asusunsa yana fita ne da wasiyya ko takardar kotu, sannan a raba bisa gado; kuɗin inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki kuwa, wanda bai gaza ninki uku na albashin shekara ba, kamfanin inshora ne ke biyan sa ga wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai cin gajiyarsa. Ya kamata iyali su san sunan kamfanin fanshonka da lambar asusunka da inda takardun gida suke. Zakka kuma ba ta faɗuwa don an biya haraji. Abin da malamanmu suka karantar shi ne ba a fitar da ita a kan ginin da aka ba da haya, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo a kansu.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga uwar ƙungiya. A cikinmu akwai lauyoyi da akantoci da safiyo da injiniyoyin gini da ma'aikatan ofishin haraji. Ina ba da shawarar a ware rana ɗaya a watan Fabrairu, kafin wa'adin Maris ya cika, su zauna a wannan ɗakin taro, duk ɗan ƙungiya mai buƙata ya zo da bayanin asusun fanshonsa na baya-bayan nan da takardun gidansa da littafin hayarsa a duba masa kyauta. A fara da iyayenmu malamai da suka yi ritaya, da matan 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Ni na sa sunana a farkon takarda, tana wurin Sakatare ga mai son ya sa nasa.